Asibitin Koyarwa na Jami'a: Wa Ke Riƙe da Ragamarsa, Daga Ina Kuɗinsa Ke Fitowa?

Duk wanda aka taɓa turawa asibitin koyarwa, ko ya raka ɗan'uwansa, ya san yadda kai ke ɗaurewa a ranar farko. Likitoci ne a jere a bakin gado, wani na tambaya, wani na rubutu, wani na tsaye yana kallo kawai. Sabon ma'aikaci ma haka yake ji, balle ɗalibin da ya fara shiga ɗakin kwanciya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin waɗannan mutane. Tsari ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa aka ɗebo misalai daga wurare daban-daban.

Mene ne asibitin koyarwa na jami'a, kuma me ya raba shi da sauran manyan asibitoci?

Ba girman gini ko yawan gadaje ne ya raba su ba. Ayyuka uku yake ɗauke da su a lokaci guda: jinyar marasa lafiya, horar da likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, da binciken da ke gano sababbin hanyoyin magani. Kamar duwatsun murhu suke, in ɗaya ya goce tukunya ba ta zama. Babban asibiti na iya yin suna a tiyata bai taɓa koyar da kowa ba, jami'a kuma na iya bincike a ɗakin gwaji ba ta taɓa ganin majinyaci ba. Abin da ya keɓanta da wannan wuri shi ne mutum guda ke yin ukun. Farfesan da ya duba ka da safe shi ne zai tsaya gaban ɗalibai da rana, da yamma ya koma kan bincikensa.

Idan aka ce cikakkiyar cibiya, ba asibitin kaɗai ake nufi ba. Akwai tsangayar koyon aikin likita, wadda ita ce uwa, sannan sau da yawa makarantun jinya, ungozoma, harhaɗa magunguna, haƙori da lafiyar al'umma, ga cibiyoyin bincike, ga ƙananan asibitoci na rassa. Asibitin da ke karɓar ɗalibai na 'yan makonni su ga aiki shi ma yana koyarwa, amma bai kai wannan matsayi ba.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Koyar da ɗalibi a bakin gadon majinyaci ya daɗe. Asibitin Charité da ke Balin, babban birnin Jamus, an gina shi a 1710 saboda fargabar annoba, daga baya ya zama wurin horar da likitoci. Amma siffar da aka fi kwaikwayo a yau daga birnin Baltimore na Amurka ta fito. Attajirin nan Johns Hopkins ya rasu a 1873 ya bar dala miliyan 7, aka raba tsakanin jami'a da asibiti, kuma ya bar umarnin cewa asibitin ya zama ɓangare na makarantar likita. Asibitin ya buɗe a 1889, makarantar a 1893. A nan likita William Osler ya fito da ɗalibai daga zauren lacca ya kai su ɗakin kwanciya, shi da likitan tiyata William Halsted kuma suka kafa tsarin da matashin likita zai tare a asibiti shekara da shekaru yana neman ƙwarewa.

A 1910 masanin harkar ilimi Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likita 155 a Amurka da Kanada. Ya tarar da yawansu kasuwanci ne kawai, ba ɗakin gwaji, ba asibiti. Ya ba da shawarar a ɗaura kowace makaranta a kan jami'a da asibitin da take da iko a cikinsa. Makarantu da dama suka rufe. Gyaran ya ɗaga darajar sana'ar, sai dai ya zo da asarar da bai kamata a ɓoye ba: cikin makarantu 7 da ke horar da baƙaƙen fata, 2 kawai suka tsira, Howard da Meharry. Faransa kuma da doka ta yi nata gyaran a 1958, bisa jagorancin likita Robert Debré, inda aka haɗe manyan asibitocin birane da tsangayoyin likita.

Jami'a ce ke mallakar asibitin?

Wani wuri eh, wani wuri a'a, kuma amsar tana shafar duk abin da zai biyo baya. A Jami'ar Michigan ta Amurka, asibiti da makaranta duk mallakar jami'a ne. Harvard kuwa, duk da sunanta, ba ta mallaki asibitocin da ɗalibanta ke koyo a ciki ba. Asibitoci ne masu cin gashin kansu, irin su Massachusetts General da aka kafa a 1811, yarjejeniya ce ke haɗa su. A Birtaniya asibitin na hukumar lafiya ta ƙasa ne, wato NHS, makarantar kuma ta jami'a. Akwai ma inda aka bi ta baya: Mayo Clinic na Amurka asibiti ne tun fil'azal, sai a 1972 ya buɗe makarantar likita ta kansa.

Kowane tsari da ribarsa da haɗarinsa. Idan jami'a ce mai asibiti, yanke shawara ya fi sauƙi, amma bashin asibitin da asararsa a wuyanta suke, kuma kasafin babban asibiti yakan kai ko ya zarce na sauran jami'ar gaba ɗaya. Wannan nauyi na cikin dalilan da suka sa Jami'ar Vanderbilt ta raba gari da cibiyar lafiyarta a hukumance a 2016, ko da yake koyarwa da bincike sun ci gaba a tsakaninsu. Idan kuma a rabe suke, kowa ya tsira da asusunsa, sai dai kowane ƙaramin abu, har ɗakin da za a yi darasi, sai an zauna teburin yarjejeniya.

To wa ke da ta-cewa a ciki?

Yawanci shugabanni biyu ne. Shugaban tsangayar likita yana riƙe da manhaja, ɗaukar malamai, ƙarin girma da bincike, kuma shugaban jami'a yake amsa wa. Babban daraktan asibiti yana riƙe da gadaje, ma'aikatan jinya, sayen kaya, gine-gine da kasafin yau da kullum, shi kuma hukumar gudanarwar asibiti yake amsa wa. A ƙarƙashinsa akwai shugaban likitoci, shugabar ma'aikatan jinya da daraktan kuɗi.

Wahalar ita ce likita ɗaya yana ƙarƙashin su biyun. Shugaban tsangaya na son ya samu lokacin rubuta bincike, daraktan asibiti na son ya ƙara ranakun ganin marasa lafiya, kuma kowanensu yana da gaskiya. Wasu cibiyoyi sun magance wannan ta hanyar ɗora mutum guda a kan muƙaman biyu, ko naɗa mataimakin shugaban jami'a mai kula da lafiya a samansu. A manyan asibitocin jami'o'in Jamus, shugaban tsangaya yakan zauna a majalisar zartarwar asibitin tare da daraktan likitoci, na kuɗi da na jinya. Duk yadda aka zana tsarin a takarda, in mutanen nan biyu ba sa ga-maciji, ma'aikata da marasa lafiya ne ke ji a jikinsu.

Yaya aka rarraba sassa?

Akwai sassan kimiyyar tushe, irin su ilimin sassan jiki, ilimin aikin gaɓoɓi da na ƙwayoyin cuta, waɗanda ba su da marasa lafiya. Sai sassan jinya: cututtukan ciki, tiyata, yara, mata da haihuwa, ƙwaƙwalwa, ido, hoton cikin jiki da sauransu. Shugaban sashen jinya mutum ne mai ƙarfi, domin shi ne mahaɗar jami'a da asibiti, shi ke raba wa likitocinsa lokaci tsakanin ayyukan uku. A shekarun nan an ƙara da cibiyoyin da suka ratsa sassa, kamar cibiyar ciwon daji ko ta zuciya, saboda mai ciwon daji yana buƙatar likitan tiyata, na magani da na gasa ƙari da na'ura su zauna a kan lamarinsa tare.

Su wane ne wannan tawaga da ke zagayen duba ni? Ɗalibai za su koyi aiki a kaina ne?

A sama akwai ƙwararren likita, wanda sunansa ke kan fayil ɗinka kuma alhakinka ke wuyansa. Ƙasa da shi akwai likitoci masu neman ƙwarewa. Waɗannan cikakkun likitoci ne masu lasisi, suna ƙarin horo ne a fanni ɗaya, abin da kan ɗauki shekara 3 zuwa 7 ko fiye, gwargwadon fanni da ƙasa. Su ne za ka fi gani, musamman da dare. Sai sababbin likitoci masu sanin makamar aiki, sannan ɗalibai, waɗanda ba su da ikon rubuta magani ko yanke hukunci.

Kana da haƙƙin tambayar kowa sunansa da matsayinsa, da haƙƙin cewa ba ka son ɗalibi ya duba ka, ba tare da hakan ya rage maka kulawa ba. Amma yana da kyau a tuna, ƙwararren da kake nema shi ma a bakin gadon wani ya koya. Majinyacin da ya yarda ɗalibi ya saurari ƙirjinsa ya yi alherin da zai kai ga mutanen da ba zai taɓa gani ba. Maganar shiga bincike daban ce, za a yi bayaninta can gaba a tambayar kamfanonin magani.

Ta wace hanya kuɗi ke shigowa?

Manyan hanyoyin biyar ne: kuɗin jinya, ko daga inshora, ko daga gwamnati, ko daga aljihun majinyaci; kason gwamnati na kai tsaye; tallafin bincike; kuɗin makaranta; da gudummawar masu hali. Ba daidai suke da nauyi ba ko kusa. A makarantun likita na Amurka fiye da rabin kuɗin shiga daga jinya yake fitowa, tallafin bincike ke biye, kuɗin makaranta kuwa bai taka kara ya karya ba. A ƙasashen da gwamnati ke riƙe da lafiya, baitulmali ne uwa uba, amma a can ma kason jinya ya fi na sauran nesa ba kusa ba.

Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin lamarin. Ayyuka uku ne, amma ɗaya ne ke kawo kuɗi kullum, shi ne kuma ke goye da sauran biyun. Tambaya ta gaba ta nuna yadda goyon yake.

Yaya kuɗin jinya ke ɗaukar nauyin koyarwa da bincike?

Ta matakai biyu. Na farko a cikin asibitin kansa: akwai ayyukan da abin da ake biya ya fi abin da aka kashe, kamar tiyatar ƙashi, ta zuciya da ɗaukar hoto, akwai kuma waɗanda kusan kullum asara ce, kamar sashen ƙuna, na waɗanda suka yi haɗari, na tabin hankali da yawancin jinyar yara. Rarar can ake toshe giɓin nan da ita. A Amurka har wanda ke biya yana da tasiri, domin inshorar kamfanoni na biyan fiye da abin da shirin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi ke biya a kan aiki iri ɗaya.

Mataki na biyu tsakanin asibiti da tsangaya ne. A cibiyoyi da yawa likitocin jami'a suna da asusun haɗaka inda kuɗin aikinsu ke taruwa. Kafin a raba, ana cire wani kaso a miƙa wa shugaban tsangaya, abin da ma'aikata ke kira harajin shugaba. Da shi ake ɗaukar matashin mai bincike, a sayo masa kayan aiki, a riƙe sassan kimiyyar tushe. Asibitin ma yakan tura wa tsangaya kuɗi duk shekara bisa yarjejeniya.

Tsarin ya yi aiki shekaru da dama, amma yana da raunin da ya kamata kowane mai ruwa da tsaki ya sani. Ba a rubuce yake a fili ba, don haka da wuya a san nawa koyarwa ke ci da gaske. Sannan ranar da rarar jinya ta ragu, ba wanda zai fito ya ce an rage koyarwa. Za dai a ƙara wa likita marasa lafiya, sai sa'ar da yake ba ɗalibai ta narke a hankali ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. A ganina wannan ne haɗari mafi girma, domin ba ya ƙara, sai bayan shekaru ake ganin sakamakonsa a hannun likitocin da aka yaye.

Wa ke biyan horon likitoci masu neman ƙwarewa?

Kusan ko'ina gwamnati ce, ko da ta bayan gida. A Amurka shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati da aka kafa a 1965 don tsofaffi, shi ne babban mai biya. Yana ba da kuɗi iri biyu: na kai tsaye, wato albashin masu horon da na malamansu, da kuma ƙari a kan kuɗin kowane majinyaci, wanda ake lissafawa da yawan masu horo idan aka kwatanta da gadaje. Wata doka ta 1997 ta ƙayyade gurabun da shirin zai biya a kan adadin 1996, aka daɗe a haka, sai a ƙarshen 2020 majalisa ta amince da ƙarin gurabe 1,000. Asibitin da ya ɗauki fiye da kasonsa daga aljihunsa yake biya. A Birtaniya kuma asibiti na karɓar wani kuɗi na musamman a kan kowane ɗalibi da kowane gurbin horo.

Kada a ɗauka ciyar da su kawai ake yi. Su ne ke riƙe da asibiti dare da rana a kan albashin da bai kai na ƙwararru ba. Shi ya sa aka sa iyaka: awa 80 a mako a Amurka tun 2003, awa 48 a ƙa'idar Tarayyar Turai.

Kuɗin bincike fa, ba riba ba ne ga cibiya?

Mutane da yawa haka suke zato, amma akasin haka ne. Mai bincike yana rubuta buƙata, takwarorinsa su auna ta, kaɗan ne ke samu. Manyan masu bayarwa su ne hukumomin gwamnati da gidauniyoyi. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, kasafinta ya kai wajen dala biliyan 47 a 2024, fiye da kashi 80 cikin 100 kuma waje yake fita zuwa jami'o'i da cibiyoyi. A Birtaniya akwai Majalisar Binciken Lafiya da ta samo asali a 1913, da gidauniyar Wellcome da aka kafa a 1936.

Tallafi kashi biyu ne. Akwai kuɗin aikin kansa: albashi, sinadarai, na'urori. Akwai kuma na ɗawainiya: lantarki, ginin ɗakin gwaji, kwamfutoci, ma'aikatan lissafi. A misali, idan an daidaita kuɗin ɗawainiya a kan kashi 55 cikin 100, duk dala 100 ta aiki za a ɗora mata 55. A Fabrairun 2025 NIH ta sanar da rage wannan kaso zuwa 15, jami'o'i suka garzaya kotu, kotu ta dakatar da matakin. Ko a cikakken kaso ma ba ya isa, domin galibi tallafi ba ya biyan kuɗin fara aikin sabon mai bincike ko watannin da yake jira tsakanin tallafi da tallafi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ruwan cikin kuma shi ne harajin nan da aka ambata a baya. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, amma 'yan ƙalilan ne ke samun abin kirki daga nan.

Me ya sa ake yi duk da haka? A Janairun 1922 aka fara yi wa mai ciwon sukari allurar insulin a babban asibitin Toronto. A 1954 Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston. A 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu. A Yunin 2020 gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna tsohon magani mai araha, dexamethasone, yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk a irin waɗannan asibitoci aka yi su.

Gudummawar attajirai ba za ta rufe giɓin ba?

Tana taimakawa, amma yawanci a ɗaure take zuwa. Mai bayarwa yakan ce a gina sashe kaza, ko a kafa kujerar farfesa, ko a binciki cutar da ta taɓa gidansa. Wani kuɗin kuma wakafi ne, ba a taɓa uwar, ribar kawai ake ci, wajen kashi 4 zuwa 5 a shekara. A 2024 Ruth Gottesman ta ba makarantar likita ta Albert Einstein da ke New York dala biliyan 1 don a yafe wa ɗalibai kuɗin makaranta. Babban alheri ne, sai dai ba za a iya juya shi a biya ma'aikatan jinya ba. Kuma ginin da aka bayar kyauta yana zuwa da kuɗin wuta, gyara da ma'aikata na har abada.

Idan gwamnati ce mai asibitin, ai an huta da duk wannan?

Ba a huta ba, salon matsalar ne ya canza. A Jamus wata doka ta 1972 ta raba nauyi biyu: jihohi ke biyan gine-gine da manyan na'urori, asusun inshora ke biyan jinya. Jiha kuma tana ba tsangaya kaso na daban don koyarwa da bincike, ana kuma buƙatar a raba littattafan lissafi don kada kuɗin wannan ya zurare can. A aikace raba su da wuya. Farfesan da ke tiyata ɗalibai na kallo, jinya yake yi ko koyarwa?

A ƙasashe da yawa ma'aikatu biyu ne ke da hannu, ta lafiya a kan asibiti, ta ilimi a kan tsangaya, kowace da kasafinta, ƙa'idar albashinta da ƙungiyoyin ma'aikatanta. Idan kason ɗaya ya makara, ko ma'aikatan ɓangare ɗaya suka tafi yajin aiki, ɗayan ma ya tsaya, domin hanta da jini suke. Inda kason gwamnati bai wuce albashi ba, asibiti kan koma kan kuɗin da yake karɓa daga marasa lafiya don sayen magani da gyaran na'ura, nauyin kuma ya sauka a kan wanda ya fi kowa rauni.

Wa ke biyan albashin likitan da ke koyarwa?

Sau da yawa albashin haɗe-haɗe ne: wani kaso daga jami'a, wani daga asibiti, wani daga tallafin bincike. A Faransa farfesa likita yana karɓa daga ɓangarori biyu, na jami'a da na asibiti. A Amurka mai bincike na iya dogara da tallafi wajen kaso mai yawa na albashinsa, in tallafin ya ƙare sai ya koma ganin marasa lafiya don cikewa. Galibi abin da ake samu bai kai na takwarori a asibitin kuɗi ba, shi ya sa wasu tsare-tsare ke barin ƙwararru su ga marasa lafiya na kansu a ƙayyadadden lokaci. In an tsare ƙa'ida yana hana ƙwararru gudu. In ba a tsare ba, sai a wayi gari sunan babba na kan ƙofa, aikin kuma a hannun ƙanana.

Me ya sa ya fi tsada? Tsadar tana nufin inganci?

Dalilai uku ne a gaba. Nan ake turo cutar da ta gagari sauran asibitoci. Dole a riƙe wasu sassa a shirye awa 24 ko da ba kowa, kamar tawagar kula da waɗanda suka yi haɗari da ta dashen gaɓoɓi. Koyarwa kuma na cin lokaci, tiyatar da ƙwararre zai gama shi kaɗai takan ƙara tsawo idan yana nuna wa wani. Tun da Medicare ya koma biyan farashi guda a kan kowane rukunin cuta a 1983, tsarin da Jamus da wasu ƙasashe suka ɗauka daga baya, asibitocin koyarwa ke kukan cewa farashin bai rufe marasa lafiya mafi wahala ba.

Game da inganci, wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2017, wanda ya duba kwanciya fiye da miliyan 21 ta tsofaffi a Amurka, ya tarar mutuwa cikin kwana 30 ta fi ƙaranci a manyan asibitocin koyarwa. Wannan ba ya nufin kowane ciwo sai an je can. Zazzaɓi, awon ciki marar matsala ko ƙaramar tiyata, asibiti na kusa zai yi su cikin sauri da sauƙi, kuma cunkoson irin waɗannan na tare wa masu tsananin buƙata gado.

Kamfanonin magani suna da hannu? Za a iya gwaji a kaina ban sani ba?

Suna da hannu, domin su ke biyan kaso mai yawa na gwajin sababbin magunguna, asibitin kuma na karɓar kuɗi a kan kowane wanda ya shiga. Wannan ba laifi ba ne a kansa, amma ƙofa ce ta son zuciya, shi ya sa ake tilasta wa likitoci bayyana alaƙarsu da kamfanoni. A Amurka wata doka ta 2010 ta wajabta wallafa abin da kamfanoni ke ba likitoci da asibitocin koyarwa.

Ba a yarda a sa ka cikin bincike ba sai da izininka bayan cikakken bayani, kuma kana iya janyewa duk lokacin da ka so. Kowane bincike sai ya bi ta kwamitin ɗa'a, wanda ya kamata ya haɗa da mutanen da ba ma'aikatan cibiyar ba. Waɗannan ƙa'idoji da ciwo aka same su. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins ba da saninta ba, aka yi ta amfani da su a ɗakunan gwaji na duniya shekaru da dama kafin iyalinta su ji labari. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin bincike a kan ɗan'adam, ita ce tushen da yawancin kwamitocin ɗa'a ke dogara da shi.

Asibitin koyarwa zai iya durƙushewa?

Ƙwarai kuwa. Asibitin Hahnemann da ke Philadelphia a Amurka, wanda ɗaliban Jami'ar Drexel ke koyo a ciki kuma talakawan birnin suka dogara da shi, wasu masu zuba jari sun saye shi a 2018, aka rufe shi a 2019. Likitoci masu neman ƙwarewa fiye da 500 suka shiga neman inda za su ƙarasa horo, marasa lafiya suka watsu zuwa asibitocin maƙwabta. Inda gwamnati ke riƙe da asibiti ba a cika rufe ƙofa ba, amma akwai durƙushewa a tsaye: na'ura ta lalace ba gyara, ƙwararru su tafi ɗaya bayan ɗaya, hukumar tantancewa ta janye izinin horarwa a sashe bayan sashe.

Ta yaya zan gane ko ana tafiyar da cibiya yadda ya kamata?

Fara da rahoton shekara. Duba ko an bincika lissafin daga waje, ko an nuna nawa asibiti ya tura wa tsangaya da abin da aka yi da shi. Tambayi ko kowane sashe na da cikakken izinin horarwa, da yawan masu horon da ke cin jarrabawar ƙwarewa. Duba ko asibitin na wallafa alƙaluman mutuwa, na cututtukan da ake ɗauka a ɗakin kwanciya da na tsawon jira. Ga wanda ke neman aiki ko horo, tambaya mafi amfani ita ce ko lokacin koyarwa da bincike a rubuce yake a takardar aiki, da kuma wanda ke biyan wannan lokaci. Ga majinyaci da mai jinyarsa kuwa, a lura da sau nawa ƙwararren da sunansa ke kan fayil yake zuwa bakin gado da kansa, da kuma ko yana tsayawa ya yi wa ƙananan likitocin bayani a gabanka.